Abin da Na Ɓoye wa Lokotoro Game da Baffanka Sumaila

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Dogo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka ka sauka Yamai lafiya, kai da ɗan kayanka. Allah Ya tsare ka da sharrin hanya da sharrin birni, Ya haɗa ka da maigida mai tsoron Allah a garejin da za ka yi aiki. Uwarka na gaishe ka, ƙannenka na gaishe ka. Ni ma ina gaishe ka, ko da yake ranar da ka shiga mota ban fito rakiya ba. Na ce ƙafa ke mini ciwo. Ƙafata lafiyarta lau.

Ka san ban shiga lakwal na yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Don haka na taho Baleyara ranar kasuwa, na nemi mai rubuta takardu wanda bai san ni ba, bai san ubana ba. Filinge ta fi kusa, amma a Filinge kowa surukin kowa ne. Ka ga ko yanzu da na yi niyyar faɗin gaskiya, sai da na yi mata tafiya mai nisa. Haka ubanka yake, ka yi haƙuri da shi.

Kai ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zama da kai tabarma guda munka yi doguwar magana ba. Haka munka tarar ana yi a Kurfai, kuma wannan kunyar ba ta da laifi. Amma ni na sami inda zan laɓe. Na ɗauki wata kunya mummuna na cusa ta bayan ta al'ada, sai mutane sunka riƙa cewa Arzika mutum ne mai kawaici. Ba kawaici ba ne. Ƙarya nake riƙe da ita, kuma jikinka ne ya biya ta.

Abin da nake so da kai guda ne. In ka je wurin lokotoro, likitar masu ciwon ƙwaƙwalwa, matar nan Bazabarma mai tabarau da ta saba duba ka, ka ce mata ubanka ya yi mata ƙarya. Ciwon da ke gare ka akwai shi a gidanmu. Akwai wanda ya yi shi kafin kai, ya sami maganin da ya karɓe shi, kuma shina nan da rai. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin wannan ne.

Kun taso kuna jin ina da wa, Sumaila, wanda ya tafi Kurmi cin rani bai komo ba. Ni na shuka wannan maganar. Ga yadda ta kasance.

Sumaila ya girme ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fi ni kyau, ya fi ni baki, ya fi ni ƙarfin hauya, kuma mahaifinmu bai taɓa ɓoye wanda ya fi so ba. Wata kaka, muna samari, sai barci ya ƙaurace masa. Ya riƙa magana ba tsayawa, shina cewa zai gina rijiya a kowane ƙauye daga nan har Bankuku. Ran nan muna gona, ya buɗe rumbun babanmu ya raba hatsin shekara ga duk wanda ya wuce, har da Buzaye masu jakkai waɗanda ba su roƙa ba. A lokacin an yi mini baiko da wata yarinya. Ranar kasuwar Filinge Sumaila ya tare ubanta gaban mahauta, ya cire masa rawani ya naɗa wa kansa, ya yi ta rawa, kasuwa na dariya. Ina tsaye ina gani. Kafin sati anka maido mana kayanmu. Wannan shekarar da hatsin aro munka ci tuwo. Daga baya kuma Sumaila ya kwanta ɗaka wata da watanni, ko ƙuda bai kora.

Dogo, ka ji wannan labarin, ka san ka gane shi. Ni ma na gane shi ranar da ka tashi za ka sayar da shanun noma ka sayi injin niƙa guda uku. Na gane shi kafin uwarka ta gama kuka.

Kuma ba Sumaila ne farko ba. Kakarka, uwarmu, 'yar bori ce, daga gidan da ba su bar al'adar kakanni ba. Tana da lokacinta. Wani sa'in ta yi ta daka da waƙa ba gajiya, wani sa'in ta juya wa duniya baya ta fuskanci bango. Danginta sun ce iskar gida ce, ta gado. Su zo da goge da ƙwarya, su yi abin da suke yi, su zauna da ita har ta lafa. Ban ce iska babu ba, ban ce akwai ba, wannan ba ni zan yanke ba. Abin da na sani, su ba su taɓa kiranta mahaukaciya ba, ba su taɓa ɓoye ta ba. Ni da nake ganin na fi su don ina sahun gaba a masallaci, ni ne na ɓoye nawa. Kada ka raina dangin kakarka in ka gamu da su. Ko ba ka bi hanyarsu ba, ka gaishe su da ladabi.

Sumaila ya tafi Abijan, can Kurmi, bayan ya ɗan farfaɗo. Can ciwon ya sake tashi, 'yan garinmu sunka kai shi likita, anka ɗora shi bisa wani magani. Bayan shekaru ya komo Yamai ya zauna, ya yi aure, ya kafa sana'a. Ya aiko mini saƙo ba sau ɗaya ba. Na ce wa ɗan saƙon ni ba ni da wa. Na rantse ba zan ƙara gaishe shi ba, don rawanin nan da rumbun nan suna nan cikin raina kamar jiya. Har yau in na tuna dariyar mahautan nan sai raina ya ɓaci. Ba zan ce maka na huce ba. Amma ka ji shawara daga wanda bai bi ta ba: abin da mutum ya yi cikin ciwo, kada ka rubuta masa shi a matsayin hali. Kai ma ka faɗa mini magana gaban mutane lokacin da abin ya hau ka, wadda ɗa bai faɗa wa uba. Na yafe maka kafin rana ta faɗi. To mi ya hana ni yafe wa ɗan uwata? Girman kai ne kawai.

Yanzu ga babban laifin. Karon farko da munka kai ka Yamai, ɗaure da rawanina cikin mota, lokotoro ta zaunar da ni ta yi ta tambaya. Ba ta jin Hausa sosai, sai wani majo, ma'aikacin jinya, ya riƙa juya mana magana. Da ya buɗe baki na ji harshen Bankuku, garin su yarinyar da kake nema a lokacin. Sai ta ce a tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo, in kuma akwai, wane magani ya yi masa amfani.

Ka san a wurinmu wa ke yin wannan tambayar. Masu binciken asali ne kafin a ba da aure. Su ke bi gida gida a asirce suna tambaya ko akwai hauka a zuriyar, ko akwai kuturta. Ba a yi wa mutum ita a fuska, in anka yi kuwa zagi ne. Ni ko ga yarinya sa'ar ɗiyata ta dube ni tsakiyar ido tana yi mini ita, gaban ɗan garin surukai. Na gyara zama na ce:

"Gidanmu tun kaka da kakanni ba a taɓa yi ba. Wannan daga waje ya samo shi."

Ta sake tambaya, ta ce in yi tunani da kyau, ko wa, ko ƙane, ko baffa, ko inna. Na ce ni ba yaro ba ne da za a tambaye ni abu sau biyu. Ta rubuta abin da na faɗa.

Na ce a raina aurenka nake tsarewa. Auren bai tsaru ba, ka sani. Ciwon ya dawo da damina, ka hau bisa katangar masallaci kana wa'azi, iyayen yarinya ba su buƙaci majo ya gaya musu komi ba. Na rasa auren, na bar ka da ƙaryar. Don haka, Dogo, in ka shiga ɗakin lokotoro ka ajiye kunya a bakin ƙofa tare da takalmanka. Ita ba auren ɗiyarta za ta ba ka ba.

Sai anka shiga gwada maka magunguna. Wani ya sandarar da kai, wuyanka ya ƙage, miyau na zuba. Wani ya sa ka barci da ƙiba har riga ta ƙi shiga. Wani ya riƙe ka rani guda, da damina ta faɗi ya sake ka. Duk wannan ina kallo, ina sane da abin da na sani. Ranar gayya a gonar tudu, da ka kasa bin sahun samari ka zauna gindin gawo, na ce maka raggo gaban mutane, na ce ƙwayoyin Nasara sun mai da kai mace mai ciki. Ka tashi ka ɗauki hauya. Daren nan ka bar shan maganin, ni kuma na ji daɗi, na ce ɗana ya yi zuciya. Abin da ya biyo baya ba sai na tuna maka ba. Kada ka ƙara barin magani don maganar wani, ko da ni ne. In ya dame ka, ka koma wurin wadda ta ba ka shi ka ce ya dame ka, ita ta san yadda ake sauke shi.

Akwai abin da ko uwarka ba ta san shi duka ba. Lokacin da ka yi doguwar kwanciyar nan, bayan an gama sussuka, wani dattijo ya yi sallama ƙofar gida da hantsi. Na fito na gan shi da farar riga tsaf, da furfura, da idon uwarmu. Na ce muku dillalin shanu ne ya ɓata hanya. Baffanka ne. Wani direba ya ba shi labarinka, ya biya kuɗin mota ya taho.

Ban ba shi tabarma ba, ban ba shi ruwa ba. A tsaye ya yi magana, bai ɗaga murya ba. Ya ce shekarunsa da yawa bisa magani guda, sunansa litiyom, tun da anka ɗora shi bai ƙara hawa ba, bai ƙara faɗuwa irin ta da ba. Ya ce lokotoronsa ya gaya masa sau da yawa maganin da ya karɓi mutum shina karɓar na jininsa. Ya ce in bari ya tafi da kai, ko in je in faɗa wa masu duba ka. Na ce masa ɗana ba irinsa ba ne, ɗana sammu anka yi masa, ya koma inda ya fito kafin maƙwabta su gane shi. Ya dube ni ya ce:

"Arzika, ba don kai na zo ba. Kai ka riga ka zaɓi naka. Yaron bai zaɓi komi ba."

Ya juya ya tafi. Kana ɗaka, zana guda ke tsakaninku.

Ni da ba na riƙe sunan jikokin maƙwabta, sunan maganin nan ya zauna mini a kai. Ina noma ina faɗinsa, ina alwala ina faɗinsa. Amma kai wa lokotoro shi na nufin in ce mata na yi ƙarya, in kuma yarda Sumaila ne mai gaskiya. Na zaɓi in yi shiru, damina ta bi damina.

Zuwanmu na ƙarshe, da ka fita karɓar takardar magani, na tsaya. Majon Bankuku ba shi nan, Hausarta kuma ta nuna. Na ce mata ina da wani maƙwabci, ɗansa na da irin wanga ciwo, kuma wan maƙwabcin ma ya yi shi ya warke da wani magani, shin wannan na da wani amfani? Ta ajiye alƙalami. Ta ce da amfani ƙwarai. Ta ce ciwon nan na bin jini, amma ba kamar gadon gona ba da kowane ɗa zai sami rabonsa. Shina tsallake wasu ya faɗa kan wasu, kuma ba laifin kowa ba ne. Ta ce yadda jiki ke karɓar magani shi ma akwai gado a ciki, musamman wannan litiyom ɗin. In ya yi wa ɗan'uwa na kusa aiki shekara da shekaru, to akwai kyakkyawan zato ga na bayansa, ko da yake ba alkawari ba ne, don ko 'yan ɗaki guda sukan bambanta. Ta ce har yanzu ba su da wani awo da za su ɗebi jini su ce ga maganin wane, shi ya sa suke tambayar dangi, bakin dangi shi ne awon da ke hannunsu. Ta ce ba ta saurin ba mutanen ƙauye wannan magani, don shina son a riƙa auna jini a kai a kai, mu kuma muna nesa. Amma da ta san akwai wanda ya karɓa a gida, da ta nemi dabara tun farko.

Da ta faɗi haka sai na tuna irin hatsi. Ni da kaina in zan sayi iri sai na tambayi daga gonar wa ya fito, tudu ne ko fadama, shina son taki ko taki na ƙone shi. Ba na jin kunyar tambaya, mai iri ma bai jin kunyar amsa. Ashe abin da ta yi mini ke nan ranar farko, ni ko na ɗauke shi zagi.

Na miƙe zan fita, ta ce:

"Baba, maƙwabcin nan naka, ka ce masa ya yi sauri. Yaron na wahala."

Ta sani. Na san ta sani. Na ce to, zan gaya masa, na sa takalmina na fito. Ka tambaye ni mi munka tsaya faɗi, na ce maka zancen kuɗin mota ne.

Yanzu Allah Ya kai ka Yamai da zama, inda wurin awon yake. Uzurin nisa ya ƙare, saura nawa, shi ne nake cirewa da wagga takarda. Amma ka saurara, don na san jininmu da gaggawa. Ban ce ka je ka sayi litiyom ba. Kada ka saye shi wurin masu yawo da magani a faranti, kada ka karɓi ko ƙwaya guda daga na baffanka don kun haɗa jini. Lokotoro ta ce maganin nan tsakanin amfaninsa da cutarsa tazara kaɗan ce, sai an auna, sai an duba ƙoda. Ta ce bai son jiki ya bushe. Kai ko aikin gareji za ka yi, cikin zafin bazara, ƙarƙashin mota. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka jin ƙishi. In azumi ya zo, ka tambaye ta kafin ka ɗauka, ka tambayi malami mai ilimi, kada ka tambayi irina. Ni ne na tilasta maka azumi kana cikin magani don kada a ce ɗan Arzika na ci da rana. Allah Ya yi wa marar lafiya sauƙi, ni na hana ka shi. In anka ɗora ka bisa maganin ka ji amai ko zawo ko rawar jiki mai yawa, kada ka yi jarumta, ka tafi likita a ranar. Ko maganin ciwon baya za ka sha, ka faɗa musu abin da kake kai.

In kuma anka gwada bai karɓe ka ba, kada ka ce an gama da kai. Jinin uwarka ma na jikinka, ba namu kaɗai ba. Sai a nemi wani, amma wannan karon da gaskiya a hannunsu.

Ka kula da barcinka. Duk ku ukun, da kakarka da baffanka da kai, daga barci abin ke farawa. In ka ga dare biyu ido ya ƙi rufuwa kuma kana jin ƙarfi kamar ka ɗaga mota, ba lafiya ce ta ƙaru ba. Ka gaya wa wani. Ka bar shayin samari na bayan isha'i. Ranar da za ka nemi aure kuma, ka faɗa musu da bakinka kafin su aiko masu bincike. Wanda ya ba ka bayan ya sani, shi ne surukin zama.

Saura inda za ka sami baffanka. Direbobinmu sun sha faɗi a majalisa, ina yi kamar ban ji ba, alhali ko kalma ba ta wuce ni ba. Shina sayar da igiya da tabarmi kusa da tashar da motocin Filinge ke sauke mutane. Ka tambayi Sumaila Bakurfaye mai igiya. In ka ga tsoho dogo mai irin goshinka, shi ne. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce kai ɗan Arzika ne. In ya ɓata rai, ka jure, ba da kai yake ba. Ka roƙe shi ya raka ka wurin lokotoro da takardunsa na likita, ya faɗa mata da bakinsa shekarun da ya yi bisa maganin da yadda yake sha. Na san zai je. Wanda ya biya mota ya zo har ƙofar da anka hana shi ruwa, ba zai ƙi taka ƙafa cikin gari ba.

Na so in ce kada ka ce ni na aiko ka. Har na sa mai rubutu ya rubuta, na sa ya kashe. Ka ce ni na aiko ka. Ka ce ƙanensa ya ce shi ne mai gaskiya. Ban iya faɗin abin da ya fi haka ba tukuna, kada ka ƙara mini komi a kai.

In lokotoro ta ce sai ta ji daga bakin uba, ka aiko. Zan shiga mota in zo in zauna kujerar da na zauna, in ce mata a gidanmu akwai, uwata ce da wana. Ko majon Bankuku na nan, ko duk Bankuku ce ta taru a ɗakin, zan faɗa.

Ban roƙe ka ka yafe mini yanzu ba. Ka fara samun lafiya, in ka sami ƙarfi sai ka duba ko akwai abin da ya rage na yafewa.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa a dace da maganinka. Allah Ya tsare fitarka da shigarka, Ya tsare barcinka da farkawarka, Ya sa hannunka ya yi albarka a aikin da ka je nema. Allah Ya ja kwanan baffanka har ku gana. Amin.

Kada ka jira sai ka huta gajiya. Ka neme shi cikin wanga sati.

Ni ne mahaifinka,
Arzika, daga Kurfai.